Yadda Ake Gina Gidan Ƙasa Mai Ƙarko A Karkarar Damagaram, Daga Zaɓen Fili Har Daɓe

Tun bayan daminar 2024, wadda ta rusa gidaje masu yawa har ta kai ga faɗuwar tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, tambaya ɗaya ake ta aiko mini ko da kalmomin sun bambanta: shin har yanzu mutum zai iya gina gidan ƙasa a ƙauye ya kwana da iyalinsa hankali kwance, ko dole sai bulon siminti? Yawancin masu tambayar ma'aikata ne da 'yan kasuwa mazauna Damagaram ko Yamai, wasu kuma suna ci-rani, suna son su kafa gida a mahaifa, wajen Miriya, Magarya, Matamai ko Dungas, alhali aljihu ba zai ɗauki siminti daga tushe har sama ba.

Ana iyawa, kuma a watan Afrilu mai ɗakin ƙasa zai yi barcin rana yayin da mai ɗakin siminti da kwano ke neman inuwar bishiya. Sai dai a riƙe abu ɗaya tun daga nan: ruwa ne ke kashe gidan ƙasa, wanda ya kwanta a gindinsa da wanda ya shiga ta kansa. Kuɗin da ke hannunka can za su tafi, tushe da rufi. Sauran aikin ƙasa ce, da hannu, da bin lokaci.

1. Fili da takardarsa

Da damina ake zaɓen fili, ba da rani ba. Da rani kowane wuri kyakkyawa ne. Je ka ga wurin washegarin ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, ka duba inda ruwa ya bi, inda ya kwanta, da inda ya bar shara da karmami. Idan damina ta wuce ka, tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa, ka ja baya daga nan. Tudu kake nema, mai ɗan gangare, nesa da ƙorama da bakin tafki.

Gargaɗi: kada ka yarda da filin da tsohon kududdufi ne aka cike da shara, komai arharsa. Ƙasar ba ta gama zama ba, bango zai tsage. Haka filin da ke da suri babba. Gara na nan ƙarƙashi, kuma azararka take jira.

Kafin ka kai amalanken ƙasa ko ɗaya, gama da takarda. Tsarin dokar karkara, wanda aka kafa a 1993, ya tanadi kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har gunduma. Ko gado ne, ko saye, ko kyauta, a rubuta a gaban maigari da shaidu da maƙwabtan iyaka, sannan a kai wa kwamitin ƙaramar hukuma. Filin gado ya fi kowanne haɗari: yau baffa ya ce "gina abinka, ɗana", gobe bayan ransa 'ya'yansa su ce ba a raba ba. Tabbatar kuma ba ka shiga burtali ba.

2. Zana gidan a ƙasa kafin a taɓa diga

Ba sai ka nemi mai zane daga birni ba. Ɗauki toka, igiya da turaku, ka je filin da uwargida da maginin da zai yi aikin, ku zana kowane ɗaki da girmansa na gaskiya. Ku shiga, ku fita, a shimfiɗa tabarma a ga ko gado da kayan ɗaki za su zauna. Kada a bar uwargida a baya a wannan mataki. Ita ta san nisan da ya dace tsakanin madafa da randa, da inda turmi zai zauna, da inda za a yi shanya.

Dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma, don ranar safe da ta la'asar su sami ƙaramin wurin duka. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, saboda haka bangon gabas shi ne mai shan wuya: kada a yi masa babbar taga, kuma ƙofar ɗaki kada ta kalle shi sai da rumfa a gabanta. Iska kuwa biyu ce: hunturu daga arewa maso gabas, iskar damina daga kudu maso yamma. Wanda ya aje madafa ko turken dabbobi a ɗaya daga cikin waɗannan kusurwoyi, rabin shekara hayaƙi da wari a ɗakinsa za su sauka. Kai su arewa maso yamma ko kudu maso gabas. Makewayi ya koma ƙasan gangare, kuma a daidaita shi yadda mai zama ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba. Ƙofar zaure ta waje da ta ciki kada su yi saiti, don na waje kada ya hango tsakar gida.

Zana gidan gaba ɗaya, har ɗakin samari da na baƙi da ba za ka gina bana ba, sannan ka fara da abin da za ka iya rufewa kafin Yuni. Ɗaki biyu da zaure da aka gama sun fi ɗaki biyar da damina ta tarar babu rufi.

3. Gwajin ƙasa

Nan ne mutane suka fi yin sakaci, nan kuma ya kamata a daɗe. Ƙasar jigawa ta kudancin Damagaram rairayi ya yi mata yawa, ba ta kama jiki. Ta fadama kuma yumɓu ya yi mata yawa, tana bushewa tana dararrashewa. Wadda ake so tana tsakani, kuma sau da yawa sai an haɗa biyu. Kankare ta sama mai saiwoyi da taki ka mayar gona. Ta ƙarƙashi ita ce ta gini.

Tsohon magini ba ya buƙatar kayan awo. Za ka ga ya dumbuzi ƙasar, ya tofa mata ruwa, ya murza tsakanin yatsu kusa da kunnensa yana sauraron ƙarar yashi, wani ma har ya ɗan taɓa a harshe. Ba wasa yake ba, kanwa yake nema. Kai da ba ka da wannan hannun, ga gwaji uku.

Na kwalba: zuba ƙasa sulusin kwalba mai haske, cika da ruwa, girgiza sosai, ajiye ta kwana. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, laushin ya hau sama. Idan yashin bai kai rabi ba, ƙasar tana son ƙari.

Na murɗi: kwaɓa ƙasar kamar tuwo, murɗa ta kaurin babban yatsan ƙafa, ka riƙa tura ta daga bakin tafin hannu har ta karye. Ta karye ƙasa da santimita 5, yashi ya yi yawa. Ta wuce santimita 15 ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa. Tsakanin nan ne alheri.

Na bulo, wanda ya fi duka: buga bulo uku-uku da haɗi daban-daban, yi wa kowanne alama, bar su mako biyu. Wanda bai tsage ba, gefensa bai marmashe a hannu ba, kuma aka sake shi daga tsayin ƙugu bai wuce ya rabu biyu ba, haɗinsa za a bi.

Gargaɗi: ƙasar da ke fitar da farin gari idan ta bushe, irin ta wasu kwaruruka na yankin Gidimuni da ƙoramu, tana da kanwa. Ita ce ke cin gindin bango a hankali har ya rarake. Ko kyauta ce kada ka ɗauka, kuma kada a kwaɓa da ruwan da ke da ita.

4. Lissafi da jinga

Mu ɗauki ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4 a ciki, tsayinsa mita 3, kaurin bango santimita 40, da bulo mai tsawon santimita 40, faɗi 20, kauri 10. Kowace murabba'in mita ta bango tana cin bulo kusan 38. Idan an cire ƙofa da taga biyu, aka ƙara na fashewa, ɗakin zai ci kamar 1,900. Wannan ƙasa ce kusan mita kubik 15, ruwanta kuma tano (mai lita 200) 25 zuwa 30, ban da na kwaɓin gini da yaɓe.

Wannan adadin tano shi ne abin da baƙo ke mantawa. Kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram, inda dutse ke kwance ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya bari sai Maris, lokacin da tafkuna suka ƙafe, jarka-jarka zai sayi ruwa, kuma kuɗin ruwan na iya kamo na bulon. Shi ya sa ake buga bulo daga Nuwamba zuwa Janairu, a bakin tafki, a kwaso busasshe da amalanke.

Sauran lissafin ninkawa ne. A ce a garinku ana buga bulo ɗaya dala biyar, ɗakin ya tashi jikka 47 da rabi. Sa naka farashin ka ninka, ka ƙara kuɗin dako. Abubuwan da dole sai an zare kuɗi su ne dutse, 'yan buhunan siminti, leda, itacen rufi ko ƙarfe, indararo, ƙyamare da tagogi, da ladan magini. Kwasar ƙasa, dako da daɓe ana iya yin su da gayya, in dai za ka ciyar da mutane yadda ya kamata. Ware kashi ɗaya cikin goma ka ɓoye, za a neme shi.

Da magini kuwa, jinga ta fi biyan kullum, amma a raba ta: kaso idan tushe ya fito, kaso idan bango ya kai, kaso bayan rufi, ragowar bayan ruwan farko ya sauka an ga babu yoyo. A faɗi wannan a gaban shaida tun ranar farko. Kafin ka zaɓe shi, kada ka kalli ginin da ya gama bara; ce ya nuna maka wanda ya sha damina biyar ko fiye, ka duba gindin bangonsa na gabas. Idan kana nesa, wakilta mutum ɗaya tak. Gini mai masu umarni uku ba ya miƙewa.

5. Buga bulo

A jiƙa ƙasar ta kwana biyu, a tattake ta da ƙafa har ta daina gudaji, sannan a zuba ramno ko ƙaiƙayin gero. Ƙaiƙayin tun lokacin sussuka ake tara shi, in ba haka ba sai ka saya. A share fili, a barbaɗa yashi don kada bulo ya manne, a riƙa jiƙa akwatin bugu kowane zubi, a danna kusurwoyi da hannu. Iskar hunturu tana busar da fuskar bulo cikinsa na ɗanye, sai ya tsage. A rufa masa kara ko ciyawa kwana biyun farko. Bayan kwana uku ko huɗu a tayar da shi a gefensa, a bar shi ya cika mako biyu zuwa uku. Karya ɗaya ka gani: in cikinsa ya fi bayansa duhu, bai yi ba.

Tubali irin na kakanni, wanda ake mulmulawa da hannu, har gobe yana da ƙarfi, da shi aka yi manyan gidajen Birni. Amma yana cin kwaɓi da ruwa, yana son bango mai kauri sosai daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama, kuma masu iya shi sun ragu. In ka sami gwani, ka yi zaure da shi. Ɗakuna dai bulo ya fi sauƙi.

Gargaɗi: kada a haƙa ramin ƙasa a jikin gida. Da damina zai zama kududdufi, ya tara sauro, ya jiƙa tushe, ga haɗarin yara.

6. Tushe

A haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, galibi santimita 50 zuwa 60, a jigawa fiye da haka. Faɗin ramin ya ɗara na bango da kamar tafin hannu kowane gefe. A cika da dutse, manya a ƙasa, a cusa ƙanana a tsakani, a daddanna. Allah ya hore wa yankinmu dutse, ga shi nan jibge ko'ina kewayen birni, don haka babu dalilin ɗora bulon ƙasa kai tsaye cikin rami, wanda shi ne kuskuren da ya fi kowanne kayar da ɗakuna.

Kada tushen ya tsaya daidai da ƙasa. A ci gaba da dutse, ko bulon siminti cikakke, har santimita 30 zuwa 40 sama da tsakar gida. In kana da buhu goma na siminti kacal a duk aikin, nan ne wurinsu, ba fuskar zaure ba. A saman wannan a shimfiɗa leda mai kauri, bakinta ya hau kan juna, sannan bulon ƙasa ya fara. Ledar tana hana damshi hawa, tana kuma rage wa gara hanya. A cike cikin ɗaki da ƙasa har daɓensa ya fi waje tudu da aƙalla taki ɗaya na matakala.

Za ka iya jin magini ya ce, "Alhaji, ai iyayenmu ba su yi duk wannan ba." Gaskiyarsa, amma iyayenmu kowace shekara suna kan gyara, suna da hannaye da yawa a gida, kuma bangonsu ya ninka naka kauri. Ka ce masa, "Baba, a yi haƙuri a sa dutsen," ka tsaya a kai.

7. Bango

Kusurwoyi ake fara tayarwa, a ja igiya tsakaninsu, kowane layi a bi ta. A riƙa saukar da igiya mai nauyi a baki ana duba miƙewa. Bulo ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa. In mahaɗa ta hau kan mahaɗa, tsaga ta samu hanya. Kwaɓin ya zama irin ƙasar bulon, kaurinsa kamar yatsa, kuma a cika mahaɗar tsaye, don nan leburori ke ha'inci. Kada a wuce layi biyar ko shida a yini, a bar ginin ya zauna. Bangon tsakiya a ɗaure shi da na waje tun ana hawa, kada a jingina shi daga baya.

Ƙofa da taga su nisanci kusurwa da kamar mita ɗaya. Itacen da za a gitta a kansu, azara ko ƙirya, ya shiga bango santimita 30 kowane gefe. Don iska ta ratsa, a yi taga a kudu daidai ƙirji, a yi ƙananan kafofi biyu a arewa can kusa da rufi inda zafi ke taruwa, duka a sa musu raga saboda sauro. In kana da niyyar sa farantin hasken rana, a binne bututun waya yanzu, kada a zo ana fasa bango daga baya.

Gargaɗi: kada ka rage kaurin bangon waje zuwa santimita 20 don tsimin bulo. Kaurin nan shi ke riƙe sanyin dare har la'asar, shi ke ɗaukar nauyin rufi.

8. Rufi

Hanya uku ce, kowace da halinta.

Ta farko soro, wato azara da ƙasa. Shi ya fi sanyi da shiru. Azarar giginya gara ba ta cika damunta ba, amma ita kaɗai ba ta haye fiye da kusan mita 2 ba tare da ta lanƙwasa ba, shi ya sa magabata suka ƙirƙiro ɗaurin guga, wato rufi mai baka, da ginshiƙi. Yau giginya ta yi wuya, kuma tana cikin itatuwan da doka ta kare tare da gawo. Saya wurin mai takardar izini, kada ka jawo wa kanka ma'aikatan gandun daji. Da yawa yanzu suna gitta ƙarfe ɗaya ko biyu a tsakiya, su jera gajerun itatuwa a kai. Bayan itace sai zana ko asabari, sai leda, sai ƙasa kashi biyu, ta farko ta bushe kafin ta biyu, jimillarsu kada ta wuce santimita 15 zuwa 20. A karkata rufin sosai zuwa bakin indararo. Indararon ya yi faɗi, ya fita daga bango fiye da rabin mita, ya zuba yamma ko kudu, a jera duwatsu inda ruwan ke faɗuwa. Ɗaki mai girman wanda muka lissafa a ba shi biyu. A liƙe wuyan indararo da kyau, don nan ne yoyo ke farawa. Rawani, wato ɗan bangon da ke kewaye saman soro, kada ya yi tsayi.

Gargaɗi: ɗanyen dogon yaro ko turare da aka sare jiya ba itacen rufi ba ne. Zai lanƙwasa, gara kuma ta same shi. A ɓare shi, a bar shi ya bushe sarai, a shafa wa kan da zai shiga bango baƙin mai.

Ta biyu kwano. Yana da sauri, kuma yana ba ka ruwan sha, amma shi kaɗai tanda ne. In za ka yi shi, ka bar masa baki ya fito rabin mita ko fiye don ya kare bango, ka yi silin na zana ko tabarmar kaba a ƙarƙashi, ka bar kafofin iska tsakanin biyun. Abu mafi muhimmanci: a ɗaure katakon da waya mai kauri wadda aka binne layi huɗu ko biyar cikin bango tun ana gini. Jera duwatsu a kan kwano ba ɗauri ba ne, guguwar farkon damina ba ta san da su ba.

Ta uku ginin da babu itace, wanda ake rufe ɗaki da ƙananan bulo a lanƙwashe, ko doguwar baka ko tulluwa. Tun shekarun 1980 ake horar da magina a kansa a Nijar, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da wanda ke son gida mai sanyi ba tare da ya sare ko reshe ba. Sharaɗinsa biyu: faɗin ɗaki ya tsaya wajen mita 3, bangayen da ke ɗauke da bakar su yi kauri, kamar santimita 60, sannan magini ya zama wanda ya koya a hannu kuma ka ga aikinsa tsaye. Wannan ba aikin "zan gwada" ba ne. In babu gwani kusa, koma soro.

Kowanne ka zaɓa, a gama shi a Afrilu.

9. Yaɓe

Kuskuren masu kuɗi shi ne shafa siminti kai tsaye kan bangon ƙasa. Shekarar farko abin sha'awa. Daga nan sai ya saki jiki, don siminti da ƙasa ba sa motsi tare. Ruwa ya shiga ta tsaga ya kasa fita, bango ya riƙa narkewa a ɓoye. Ƙwanƙwasa irin wannan bango za ka ji yana amsawa kamar ganga. In lallai sai siminti, to a bangon gabas kawai, a kafa ragar waya da ƙusoshi tukuna.

Yaɓen ƙasa kashi biyu ne. Na farko mai kauri: ƙasa, ƙaiƙayi da kashin shanu ko na jaki, a bar kwaɓin ya ruɓa kamar mako guda, a yayyafa wa bango ruwa, a yaɓa da hannu ana dannawa. Na biyu siriri, da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka daka aka jiƙa har ruwan ya yi ja. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci, kamar arewa wajen Tanut, 'ya'yan bagaruwa suna yin aiki makamancin haka. Rufin soro ma a bi shi da wannan. A yi aikin da safe ko da yamma, ba cikin tsakar rana ba.

A ƙarshe a zagaye gindin bango da dakali mai gangarowa waje. Wurin zama ne, amma babban aikinsa korar ruwa da hana awaki goga jiki.

10. Daɓe da ado

Daɓe aikin mata ne, kuma gayyarsa ta fi kowace armashi. A baza tsakuwa mai laushi haɗe da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a jeru da madaɓai ana bugu tare ana ja da baya, ana yayyafa makuba ana sake bi, har ƙasa ta yi sulɓi tana ɗaukar ido. A rufe ɗakin kwana uku kada kowa ya taka. Ciki a shafe da farar ƙasa, ɗaki zai yi haske ko da ƙaramar fitila.

Ado a fuskar zaure yake, irin zanen da ake gani a Birni da Zango: dagi da sauran siffofi da ake fitarwa da yatsa tun yaɓe na ɗanye, da zankwaye a kusurwoyi. Ka yi shi in da hali, kyau ne da ba ya cin kuɗi sosai. Amma shi ne na ƙarshe a layi.

11. Makewayi, ruwa, murhu da inuwa

Ramin masai ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, ya kasance ƙasa da ita a gangare, ya kuma nisanci bangon ɗaki. A jigawa a gina cikinsa don kada ya rufta, a sa masa murfin siminti da bututun iska mai raga a baki. Ruwan wanka kada a sake shi ya bi gindin katanga. A haƙa masa rami a cika da duwatsu, ko a ja shi zuwa gindin zogale.

Ruwan sama kuwa dukiya ce. Kowane milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 50, a shekarar da aka samu milimita 400, kwatankwacin abin da birnin Damagaram ke samu, zai zubo lita 20,000, wato tano ɗari. Ko rumfar tsakar gida kaɗai ka yi wa kwano da mazurari, ka rage wa yara zuwa rijiya. A bar ruwan farko ya wanke ƙura, a rufe abin tarawa.

Madafa ta samu kafar hayaƙi a sama da murhun laka mai kewaye tukunya, ya fi duwatsu uku tsimin itace nesa ba kusa ba. Rumbu ya hau kan duwatsu, nesa da wuta. In ka tarar da gawo a filin, kada ka taɓa shi, ka tsara gidan da shi: da rani yake ganye, lokacin da ake neman inuwa, da damina ya kaɗe. Sabon dashe kuma, musamman dogon yaro, ya nisanci bango da mita 5 ko fiye saboda saiwa, a fi sa shi yamma da gabas.

12. Daminar farko da duban shekara

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, fita ka zagaya gidan ana cikin yi. Duba ko indararo na zuba inda aka nufa, ko akwai inda ruwa ya kwanta kusa da bango, ko rufi ya yi tabo daga ciki. Abin da ka gani a gyara da zarar an ɗauke, sannan a biya magini ragowar jingarsa.

Daga nan kowace shekara a watan Mayu a hau soro: a share, a cire ciyawa, a toshe tsaga, a zare sheƙar tsuntsu daga indararo. Idan za a ƙara ƙasa, a kankare tsohuwar tukuna. Masu jibga sabuwa kan tsohuwa shekara da shekaru su ne rufi ke faɗo wa cikin Agusta, lokacin da ƙasar ta sha ruwa ta ƙara nauyi. Bangon gabas a sabunta yaɓensa duk shekara biyu, sauran sukan kai uku ko huɗu. Hanyar gara in ta bayyana a bango a kankare ta nan take a bi ta har inda ta fito, kuma kada a jingina kara, itace ko buhunan ƙaiƙayi a jikin ɗaki. In gidan zai zauna babu kowa saboda kana birni, ka sa wani ɗan uwa a ɗaki ɗaya, ka bar masa kuɗin yaɓe tun kafin damina ta kama hannun mutane da aikin gona.